Kwalejojin Mishan na Sokode da Dapaong a Shekarun Wahala

Waɗanda ke Nijeriya da Nijar a cikinku galibi sun san ƙasar Togo a bakin direbobin manyan motoci ne, masu ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome su nufi arewa. Babbar hanyar guda ɗaya ce, ta ratsa ƙasar tun daga bakin teku har iyakar Burkina Faso. Idan mota ta yi tafiyar kilomita 340 ko kusa da haka sai ta iso Sokode, garin Kotokoli, inda fatake suka riƙa yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. In ta ƙara gaba, ta wuce Kara da Mango, sai Dapaong, wadda tsofaffi ke kira Dapango, ƙasar Moba da Gurmawa, sama da kilomita 600 daga Lome. Labarin kwalejojin mishan na wannan yanki zan bayar, da yadda shugabanninsu suka riƙe su sa'ad da ƙasa ta tsaya cik. Ni katakis ne, karatuna bai wuce firamare ta mishan ba, ban taɓa zama a bencin kwaleji ko na yini ɗaya ba. Dalilin haka yana cikin labarin, za mu zo gare shi.

A tsarin Faransa wanda muke bi, yaro yakan yi shekara 6 a firamare ya ci jarrabawar CEPD, sa'an nan ya shiga kwaleji shekara 4 ya zauna BEPC, daga nan shekara 3 kuma kafin BAC, ƙofar jami'a ke nan. Kwalejin mishan ba ta gwamnati ba ce. Kuɗin iyaye ne ke riƙe da ita, da ɗan tallafin gwamnati, da abin da abokai na ƙasashen waje suka aiko. Murhu ne mai duwatsu uku. Ku riƙe wannan a zuciya, gama a shekarun da zan ambata duwatsun nan uku duk sun girgiza, ɗaya bayan ɗaya.

Fadocin Katolika na farko Jamusawa ne, sun sauka a Lome a 1892. Gwamnatin Jamus ta daɗe tana hana su hawa arewa, sai a 1913 suka buɗe tasha a Alejo, kan dutse, tsakanin Sokode da Kara. Ba su ko zauna da kyau ba yaƙin duniya ya ɓarke. Jamusawa sun miƙa wuya a Kamina cikin Agusta 1914, kuma tsakanin 1917 da farkon 1918 aka kwashe fadocinsu duka aka fitar da su daga ƙasar. Malaman makaranta da katakis 'yan ƙasa ne suka riƙe abin da ya rage, musamman a kudu, har fadocin SMA suka karɓi aikin a 1921. Kullum ina tuna wa 'yan'uwana katakis wannan, domin su san ba yau aka fara barin mana mabuɗi a hannu ba.

An ware Sokode ta zama yankin ikilisiya mai zaman kansa a 1937, ta zama dayosis a 1955 a ƙarƙashin Bishop Jérôme Lingenheim. An yanki Dapango daga cikinta a 1960 aka ba fadocin Faransiskan, ta zama dayosis a 1965, Bishop Barthélemy Hanrion yana kanta. A shekarar nan ta 1965 kuma Sokode ta sami bishop ɗan ƙasa, Chrétien Bakpessi. Kwalejin Chaminade ta Kara, wadda a lokacin tana cikin dayosis ɗin Sokode, an kafa ta a 1956, 'yan'uwan ƙungiyar Marianis suka riƙe ta. A Sokode sistocin Assomption suna da tasu makaranta. A Dapaong akwai Saint-Athanase ta 'yan'uwan La Salle, da Monfant wadda aka yi domin 'yan mata. A Sokode kuwa, garin Musulmi ne, don haka 'ya'yan liman da na Alhaji da na katakis benci ɗaya suka riƙa zama.

Abu ɗaya ya bambanta mu da maƙwabta. A Nijeriya gwamnatoci sun karɓe makarantun mishan bayan yaƙin basasa, shi ya sa St Paul's ta Wusasa ta koma Kufena, St John's ta Kaduna ta koma Rimi. A Haute-Volta bishop-bishop da kansu suka miƙa wa gwamnati firamarensu a 1969, da kuɗin biyan malamai ya gagara. A Dahomey gwamnatin Kérékou ta karɓe su a 1974. A Togo ba a yi haka ba. Ko gyaran tsarin ilimi na 1975 bai raba ikilisiya da makarantunta ba, gwamnati ta ci gaba da ba da tallafi domin albashin malamai. Mutane suka ce mun yi sa'a, kuma gaskiya ne. Amma wanda ke ba ka abinci, ranar da tukunyarsa ta fashe kai ma da yunwa za ka kwana.

Tukunyar ta fara tsagewa tun kafin 1980. Arzikin gwamnati ya dogara ga fosfat, dutsen da ake yin takin zamani da shi. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 1974, aka ci bashi aka yi gine-gine, sai farashin ya faɗo. Masu ba da bashi na duniya suka sa sharuɗɗa, gwamnati ta rufe ƙofar ɗaukar ma'aikata. Manomi a ƙauyen Moba ya duba ya ga ɗan maƙwabcinsa ya dawo da BEPC yana zaune a gindin bishiya, ba aiki, gona kuma ya raina ta. Sai ya cire nasa ɗan daga lakwal ya miƙa masa fartanya. A 1980 sama da kashi 70 cikin 100 na yaran da suka isa shiga firamare suna makaranta. Kafin 1985 abin ya sauko zuwa kashi 50 da 'yan kai. Wannan ita ce girgiza ta farko, ta taɓa dutsen iyaye, amma a hankali ta zo, ba ta da ƙara.

Ta biyu da ƙara ta zo. Ran 5 ga Oktoba 1990 matasa suka yi bore a Lome. A Yuli da Agusta 1991 aka yi babban taron ƙasa, Bishop Philippe Kpodzro na Atakpame ne ya shugabance shi, aka naɗa Joseph Koffigoh firaminista, aka rage ikon Shugaba Eyadéma. Sojoji ba su yarda ba. Ran 5 ga Mayu 1992 aka buɗe wa ayarin Gilchrist Olympio wuta a Sudu, kusa da Bafilo, nan arewa da mu kaɗan. Ya tsira da munanan raunuka, likita Marc Atidépé yana cikin waɗanda suka mutu. Sa'an nan ran 16 ga Nuwamba 1992 ƙungiyoyin ma'aikata da 'yan adawa suka kira yajin aiki na sai abin da hali ya yi. Ya kai kusan wata tara. A ƙarshen Janairu 1993 aka harbi masu zanga-zanga a Lome, mutane wajen 300,000 suka tsere Gana da Benin, Turawa suka tsayar da taimakonsu.

Ku lura da wani abu wanda masu ba da labarin ba su cika faɗa ba. Bishop Bakpessi ya rasu a Afrilu 1992, ba a naɗa magajinsa, Ambroise Djoliba, ba sai a Afrilu 1993. Watau a tsakiyar wutar nan dayosis ɗin Sokode ba ta da bishop. A Dapaong ma kujerar ta yi shekara shida babu mai ita bayan Hanrion ya sauka a 1984, Bishop Jacques Anyilunda kuwa sabo ne, a ƙarshen 1990 aka naɗa shi. Saboda haka nauyin ya faɗa a kan shugabannin makarantu, kowa da nasa hankali.

Ina ɗan shekara 11 a lokacin. Mahaifina kuku ne a wata kwalejin mishan ta yankinmu, muna zaune a ɗaki biyu bayan madafa, shi ya sa na ga abubuwa da idona waɗanda ɗalibai ma ba su gani ba. Shugaban kwalejin Fada ne ɗan ƙasa, bai daɗe da karɓar aikin daga hannun Bature ba. Ba zan kama sunansa ko na makarantar ba.

Matsalarsa ta fari ba ta kuɗi ba ce, ta ƙofa ce. In ya buɗe makaranta, masu yaji za su ce ya sayar da su, shi ɗan gwamnati ne. In ya rufe, hukuma za ta ce ikilisiya ta shiga adawa, ga shi kuwa bishop ne ya shugabanci taron ƙasa. Malamansa ma sun rabu. Akwai 'yan kudu, Ewe da Mina, waɗanda 'yan'uwansu ke gudun hijira. Akwai Kabiye waɗanda aka kori danginsu daga gonakin kudu suka dawo arewa da tabarma a ka. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya sai suka daina gaisawa. Abin da Fada ya yi shi ne, ya ajiye ƙararrawa da littafin kiran suna. Ya ce makaranta ba ta buɗe ba, amma ƙofa ba ta kulle ba. Yaron da ya zo zai tarar da allo a gindin mangwaro. Malamin da ya ga dama ya zo ya yi wa yara bita, wanda bai zo ba ba za a rubuta sunansa ko'ina ba. Wasu sun ce wayo ne, wasu sun ce tsoro ne. Ni dai na san wannan: da aka koma aiki babu malamin da ke riƙe da takardar da za ta kunyata ɗan'uwansa, don haka suka iya komawa ɗakin malamai ɗaya.

Sai ta kuɗi. Tallafin gwamnati ya daina zuwa, gama baitulmali ya bushe. Bankuna ba sa aiki yadda ya kamata. Iyaye ma'aikata ba su da albashi, 'yan kasuwa ba ciniki. Fada ya tara malamai da ma'aikata duka, har da mahaifina da mai gadi, ya buɗe littafin kuɗi a gabansu ya karanta abin da ya rage. Wannan baƙon abu ne, gama a zamanin Turawa ba mai ganin littafin nan sai Bature. Ya ce ba za a bi matsayi ba, za a raba bisa ga yawan bakin da kowa ke ciyarwa. Malamin lissafi mai digiri, marar aure, ya tashi da abin da bai kai na mai gadi ba, ya yi fushi ƙwarai, kuma daga baya ya tafi bai dawo ba. Ba kowane hukunci na lokacin ne ya yi wa kowa daɗi ba.

Ya kuma ce iyaye su biya da abin da ke hannunsu. Na ga doya an jibge ta a ɗakin da ake ajiye taswira, na ga buhunan masara da rogo, har da akuya a ɗaure jikin sandar tuta. Mahaifina ne ke aunawa da tiya yana faɗa, magatakarda yana rubutawa. A wajen Dapaong abin da manomi ke da shi dawa ce da gero da zabbi, kuma kuɗinsa sai an sayi auduga suke zuwa, shi ya sa tun daga lokacin makarantu da yawa suka koyi karɓar kuɗin shekara kashi-kashi maimakon gaba ɗaya a watan shiga.

Wata rana wani Alhaji mai motoci, wanda 'ya'yansa uku ke makarantar, ya shigo da yamma. Ina wanke tukwane na ji yana cewa, "Fada, ka ce mu kawo, mun kawo. To, wa zai gaya mana inda abin ya tafi?" Fada ya ce, "Alhaji, zo ka zauna ka ƙidaya tare da ni." Daga wannan magana kwamitin iyaye ya tashi daga masu zuwa biki su tafa hannu, ya zama masu sa hannu a takardar kuɗi. Alhajin nan ne ya riƙa ɗauko alli da takarda a motarsa daga hayin iyaka ba tare da ya karɓi kuɗin dako ba.

An sasanta a Wagadugu cikin Yuli 1993, aka koma aiki a Agusta. Mutane suka ce an huta. Ashe babbar girgizar tana gaba. Ran 12 ga Janairu 1994 muka wayi gari an karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Littattafanmu daga Faransa suke zuwa, haka kayan ɗakin gwaji, da taya, da magani. Duk suka ninka, albashi kuwa bai ninka ba.

A nan ne makarantu suka rabu gida biyu, kuma ina so mai karatu ya fahimci dalilin. Karyewar sefa ta ninka farashin kayan waje, amma ta ninka kuɗin da ke shigowa daga waje ma. Makarantar da ke hannun ƙungiya mai uwa a Faransa ko Sifen ko Suwizalan, in an aiko mata da faran 1,000, jiya sefa 50,000 ne, yau 100,000. Ita kuwa makarantar da aka riga aka miƙa wa 'yan ƙasa, wadda Baturenta ya tafi da adireshin abokansa a aljihu, ba ta ga ninki ba sai na tsada. Mutane suka riƙa cewa Turawa sun fi iya riƙo. Ba daidai ba ne. An ba wani doki, an ba wani jaki, aka ce su yi tsere.

Kwalejin da mahaifina ke aiki tana cikin kashi na biyu. Fada da kwamiti suka zauna suka yanke abubuwa masu zafi. An rufe ɗakin kwanan ɗalibai, yaran ƙauye suka koma zama a gidajen dangi cikin gari. An daina sa kowane yaro ya sayi littafi, makaranta ta sayi kaɗan tana ba da haya, malamai suna rubuta darasi a allo ana kwafa. An ɗauki matasa masu BAC suna koyarwa a kan albashi kaɗan, yadda gwamnati ma ta riƙa ɗaukar malaman wucin gadi a shekarun. Sa'an nan aka soke al'adar da ke barin 'ya'yan ma'aikata su yi karatu kyauta.

A shekarar nan na ci CEPD. Da aka rufe ɗakin kwana aikin kuku ya ragu, albashin mahaifina ma ya ragu. Ya sa rigarsa ta Lahadi ya je ofis ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, Fada, yaron nan naka ne." Fada ya ɗaga shi ya ce, "Baba, in na buɗe maka, mutum tara ne a bayanka, malami ɗaya ke nan zan sallama." Mahaifina ya dawo bai ce kome ba, ya hura wuta. Bayan wata biyu aka kai ni koyon kafinta. Na yi shekaru ina jin zafin mutumin nan. Yanzu da ni ma nake zama a kwamitin makaranta, na ga lissafinsa daidai ne. Amma har gobe ina cewa da ya nemi mutum goma a ikilisiya su ɗauki yara goma, da ya samu. Bai iya roƙo ba, shi ne raunin da ke gare shi. Wanda ya gaje shi ya iya, ya kafa asusun marayu da 'ya'yan talakawa, yana bin tsofaffin ɗalibai har Lome da Abijan yana tuna masu bencin da suka zauna.

Farfaɗowar ta ɗauki shekaru, kuma ba ta mai da makarantun yadda suke dā ba. Kara ta zama dayosis a 1994, Chaminade ta fita daga ƙarƙashin Sokode. Fadoci da sistoci 'yan Afirka, da malamai masu aure, suka hau kujerun shugabanci. Sai ga abokan gasa. Da yake gwamnati ta gaza gina ajujuwa, ƙauyuka, musamman a jihar Savanes, suka riƙa kafa makarantunsu da kansu a rumfar kara suna biyan malami, a birane kuma 'yan kasuwa suka buɗe nasu, a Sokode makarantun Faransanci da Larabci suka yawaita. Dā mishan ba ta neman ɗalibi, ɗalibi ke neman ta. Yanzu shugaba ya koyi liƙa sakamakon BEPC da BAC a bakin ƙofa domin mai wucewa ya gani. A 2008 gwamnati ta soke kuɗin firamare a makarantunta, firamaren mishan na ƙauye suka ji jiki, kuma su ne gonar da kwaleji ke samun iri.

Tashe-tashen da suka biyo baya ba zan daɗe a kansu ba. A Afrilu 2013, lokacin yajin malamai, ɗalibai sun fita titi a Dapaong suna neman a biya malamansu, biyu suka rasa rai, ɗaya yaro ne ɗan shekara 12. A 2017 Sokode ce ta zama cibiyar zanga-zangar da Tikpi Atchadam ya kira ran 19 ga Agusta, kuma da aka kama wani limami a Oktoba gari ya kama da wuta, iyalai da yawa suka kwana a daji. A Maris 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu duka, aka kuma killace Sokode, ba shiga ba fita. Masu jarrabawa kaɗai suka koma a watan Yuni. A nan na ga tsofaffin dabarun 1993 sun dawo: buɗe littafin kuɗi a gaban malamai, raba ɗan abin da ke akwai, biya kashi-kashi. Abin da ya ƙaru shi ne wayar hannu, darasi yana tafiya ta WhatsApp ga wanda gidansu ke da waya mai ɗauka, wanda ba su da ita kuwa sai ya zo bakin ƙofa ya karɓi takarda.

Dapaong ce ke ɗauke da kaya mafi nauyi a 'yan shekarun nan. A Fabrairu 2019 'yan bindiga sun kashe Fada Antonio César Fernández, ɗan Sifen na ƙungiyar Don Bosco, a tashar kwastan ta Burkina jim kaɗan bayan ya ƙetare iyaka ta Sinkase. A Nuwamba 2021 suka kai hari na farko cikin Togo a Sanloaga. A Mayu 2022 suka kashe sojoji 8 a Kpékpakandi, a watan Yuni gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a Savanes, aka yi ta sabunta ta. Makarantun ƙauyukan Kpendjal da dama sun rufe, iyalai suka kwararo cikin Dapaong, wasu daga Burkina.

Wannan wahalar ta sha bamban da ta 1993. A wancan lokaci benci ne ya rasa yara, a wannan kuwa yara ne suka rasa benci. Na je Dapaong taron katakis, wata Sista mai riƙe da makaranta ta kai ni ofishinta. Yaran da ke zuwa mata da yawa ba su da takardar haihuwa, ba su da katin sakamako, an bar su a gida da aka gudu cikin dare, alhali ba a zama jarrabawar gwamnati sai da takardar haihuwa. Takan zaunar da yaro ta ba shi karatu da lissafi ta ga ajin da ya dace da shi, sa'an nan ta bi ofisoshi da kotu neman takardar da za ta maye gurbin wadda ta ɓata. Na tambaye ta, "Sista, kuɗin makaranta fa?" Ta jawo wani littafi mai baƙin bango ta buɗe mani. Kowane shafi sunan yaro ne a sama, a ƙasa kuma sunan wanda ya ɗauki nauyinsa: wani tsohon ɗalibi a Lome, wata ƙungiyar mata ta coci, wani mahauci Musulmi na kasuwar gari. Na ƙirga shafi bakwai waɗanda ƙasansu babu kowa tukuna. Ta miƙo mani alƙalami.